Ingilishin da Kuke Tinƙaho da Shi, Fassara Ce Ta Raine Shi

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na lura galibin masu faɗinta masu takardun shaida ne a jaka. Cewa suke yi wai Hausa harshen hira ne da ciniki da waƙa, amma in aka zo batun ilimi mai zurfi, likitanci ko shari'a ko falsafa, to dole a koma Ingilishi ko Faransanci, don su aka hore wa ɗaukar wannan kaya. Aikina rediyo ne, kullum cikin juya labari nake daga harshen wasu zuwa namu, saboda haka ina jin wannan magana daga masu kiran waya, daga abokan aiki, har daga malaman makaranta. A ɗaya gefen kuma akwai masu mayar musu da martani da kirari: a kira taron raya harshe, a sha rawani, a yi jawabi, a ci shinkafa, a watse sai baɗi. Duka ɓangarorin biyu ina da ja da su. Shaidar da zan kafa kuwa daga Ingila zan ɗauko ta, shekara 1,100 da 'yan kai da suka wuce, lokacin da shi kansa Ingilishin ya fara shiga littafin ilimi.

A ƙarni na 9, duk wanda ake kira mai ilimi a yammacin Turai da Latinanci yake karatu, wato harshen tsohuwar daular Rum. Da shi ake ibada a coci, da shi sarakuna ke aika wa juna wasiƙa, da shi ake rubuta yawancin takardun mallakar ƙasa. Ingilishin wancan zamani, wanda Baturen Ingila na yau ba zai gane shi ba sai ya zauna ya koya, harshen manoma ne da mayaƙa da mawaƙan fada. Akan rubuta dokoki da shi jefi-jefi, akan rera waƙoƙin jarumai da shi, amma ba wanda ke ganin ya isa a zuba falsafa a cikinsa. Kujerar da masu tinƙaho ke nuna wa Hausa yau, a kanta Ingilishi ke zaune a lokacin.

Kada a ɗauka Ingila ba ta taɓa ganin ilimi ba kafin nan. Wajen shekarar 670, babban limamin Canterbury mai suna Theodore da abokin aikinsa Hadrian, wanda mutumin Afirka ta Arewa ne, sun kafa makaranta ana koyar da Latinanci da Girkanci. Malam Bede ya kammala littafinsa na tarihin cocin Ingila a 731. Alcuin na birnin York kuwa, saboda zurfin karatunsa, Sarki Charlemagne na Faransa ya ɗauke shi zuwa fadarsa ya koyar. Ingila ce ke fitar da malamai zuwa waje. Sai dai duk wannan ilimin a cikin Latinanci yake, a hannun 'yan tsiraru da ke zaune a gidajen sufaye. Ilimin da ke rataye a wuyan mutum ɗari kuwa, ranar da aka rasa ɗarin an rasa shi.

Haka ɗin aka yi. A 793 mayaƙan Viking, maharan jiragen ruwa daga arewacin Turai, suka afka wa gidan sufaye na Lindisfarne. A 865 suka dawo da babbar runduna, wannan karon da niyyar zama. Masarautun Ingila suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: Northumbria, East Anglia, sannan Mercia. Wessex ta kudu kaɗai ta rage, kuma a 871 sarautarta ta faɗo kan wani saurayi mai shekara 22, Alfred, bayan yayyensa uku sun yi mulki sun mutu. A watan Janairun 878 jagoran maharan, Guthrum, ya yi masa ba-zata a Chippenham, Alfred ya tsere da 'yan mutane kaɗan ya ɓuya cikin fadamun Athelney. A watan Mayu ya tara jama'a ya ci Guthrum da yaƙi a Edington. Daga nan ya gina garuruwa masu ganuwa, ya sake tsarin rundunarsa. Duk sarki mai hankali zai yi wannan. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ya lissafa jahilci cikin abokan gāban ƙasarsa, ya ware masa dukiya da lokaci kamar yadda ya ware wa ganuwa.

Mun san abin da ke ransa domin ya bar wasiƙa. A farkon shekarun 890 ya aika wa bishop-bishop na ƙasarsa fassarar littafin Paparoma Gregory kan yadda shugaba zai yi kiwon jama'arsa, ya sa wasiƙar a gaban littafin. A ciki ya ce lokacin da ya hau gado, 'yan kaɗan ne a kudancin kogin Humber ke fahimtar ma'anar addu'o'in da suke karantawa ko su iya juya wasiƙa daga Latinanci zuwa Ingilishi, a kudancin kogin Thames kuwa bai tuna ko mutum ɗaya ba. Wasu masana na ganin ya ɗan ƙara gishiri. To amma akwai wata takarda da aka rubuta a Canterbury a 873, cibiyar addinin ƙasar baki ɗaya, wadda Latinancinta ke cike da kurakuran da ɗan koyo zai ji kunyarsu.

Wurin da ya fi kama ni a wasiƙar shi ne inda ya ƙi ɗora laifin kan maharan kaɗai. Ya ce ya tuna tun kafin a ƙona komai, coci-coci cike suke da littattafai da dukiya, ga limamai jingim, amma ba sa amfana da littattafan domin ba a harshensu aka rubuta su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: littattafan sun mutu a kan kanta tun kafin wuta ta same su. Ya yi mamakin me ya hana malaman dā fassarawa, sannan ya ba kansa amsa, cewa ba su taɓa zaton za a wayi gari karatu ya lalace haka ba. Daga nan ya kawo hujjar da nake so masu tinƙaho su saurara da kunnen basira. Ya ce Attaura da Ibrananci ta fara zuwa, Girkawa suka koye ta suka juya ta zuwa harshensu, Rumawa suka juya zuwa nasu, sauran al'ummu ma kowa ya juya wani abu zuwa nasa. Latinancin da ake yi wa kallon harshen ilimi tun fil azal, shi ma da fassara ya cika tumbinsa. In haka ne, me zai hana Ingilishi? Kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba.

Yanzu ga inda nake juyowa kan masu kirari. Alfred bai kira taron yabon Ingilishi ba. Abu huɗu ya yi, kuma kowanne da farashinsa.

Da farko ya nemo masana, ya biya su. Tunda ƙasarsa ba ta da su, bai ji kunyar aro ba. Daga Mercia ya kawo Plegmund, wanda ya zama babban limamin Canterbury, da Werferth bishop na Worcester. Daga ƙasar Faransa ya roƙo Grimbald, har ya aika wa babban limamin Reims kyautar karnukan farauta. Daga ƙasar Jamus ya kawo wani malami mai suna John. Daga Wales ya kawo Asser, suka yi yarjejeniya zai riƙa raba shekara tsakanin gidansu da fada, ya ba shi gidajen sufaye biyu da dukiyarsu, da alkyabbar siliki, da turare iya abin da ƙato zai ɗauka. Asser ɗin nan shi ya rubuta tarihin sarkin a 893, daga wurinsa muka ji cewa Alfred bai iya karatu ba sai da ya wuce shekara 12, Latinanci kuwa sai a 887 ya fara karanta shi yana fassarawa, yana dab da shekara 40, ga ciwo mai tsanani da ya bi shi tsawon rayuwarsa.

Na biyu, ya zaɓi littattafai. Bai ce a fassara komai ba, cewa ya yi a fara da waɗanda suka fi zama wajibi kowa ya sani. Aka juya littafin Gregory na kiwon jama'a domin shugabanni. Werferth ya juya wani littafin Gregory na labaran waliyyai. Aka juya littafin falsafar Boethius, wanda ya rubuta a kurkuku wajen 524 yana jiran a kashe shi, kan dalilin da ya sa mutumin kirki ke shan wuya azzalumi na shan daɗi. Aka juya littafin Augustine, mutumin Hippo a Aljeriya ta yau, kan rai da sanin Ubangiji. Aka juya surori 50 na farko na Zabura, da tarihin duniya na Orosius, da tarihin Bede. A daidai wannan lokaci aka fara rubuta tarihin ƙasar shekara-shekara da Ingilishi, aikin da wasu sufaye a Peterborough suka ci gaba da shi har 1154. Kundin dokokin sarkin ma da fassarar dokoki goma na Annabi Musa ya buɗe.

Na uku, ya sa kuɗi a makaranta da rarrabawa. Asser ya ce sarkin ya kasa kuɗin shigarsa biyu, rabi na harkar mulki, rabi na addini da sadaka, sannan ya kasa rabin na biyu huɗu, kashi ɗaya na makarantar da ya kafa a fada. Ku yi lissafi: ɗaya bisa takwas na kuɗin shigar sarkin da ke cikin yaƙi. A makarantar ana karanta littattafan harsunan biyu, ɗansa na ƙarshe yana zaune tare da 'ya'yan manya da na waɗanda ba su kai su ba. Littafin Gregory kuwa an kwafe shi da hannu a kan fata, an aika wa kowane bishop nasa, tare da wani ɗan tsinken nuna layi mai ƙimar mankus 50, da umarnin kada a raba tsinken da littafin, kada kuma a fitar da littafin daga coci sai don kwafa ko in bishop na buƙatarsa. Dokokin jikansa Athelstan sun yi wa sa guda kuɗi mankus ɗaya. Ke nan kuɗin shanu 50 aka liƙa wa kowane kwafi don a san ba abin wasa ba ne. Kwafin da aka aika Worcester yana nan har yau a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. A 1693 kuma aka tsinci wani ƙaramin ado na zinariya kusa da Athelney, da rubutun Ingilishi a jikinsa mai cewa Alfred ne ya sa aka ƙera shi, wanda masana da yawa ke ganin kan irin wannan tsinke ne.

Na huɗu, kuma wanda ya fi ciwo, ya tilasta wa manya. Yakan bi shari'o'in da alƙalansa suka yanke ya duba. Wanda ya ga ya yi kuskure saboda rashin sani, sai ya ba shi zaɓi: ko ya koyi karatu ko ya ajiye muƙami. Asser ya ce hakimai da dagatai masu furfura, waɗanda ba su taɓa riƙe littafi ba, suka duƙufa koyon baƙi don gudun rasa kujera. Wanda tsufa ya hana shi, sai a sa ɗansa ko wani bawansa ya riƙa karanta masa littattafan Ingilishi dare da rana. Ku nuna mini mai mulki ɗaya a yau da ya taɓa ce wa alƙali ko likita ko kwamishina: in ba ka iya yi wa talaka bayanin aikinka a rubuce da harshen da yake ji ba, ka sauka.

Akwai kuma darasi ga mu masu sana'ar fassara. Wasiƙar ta ce wani wuri kalma da kalma aka bi, wani wuri ma'ana da ma'ana. A aikace sun fi haka ƙarfin hali. Inda Boethius ya tambayi ina ƙasusuwan wani jarumin Rum mai suna Fabricius, mai fassara ya san manomin Wessex bai taɓa jin sunan ba, sai ya sa Weland, maƙerin da kowa ya sani a tatsuniyoyinsu. A wani wuri ya ƙara bayanin da babu shi a asali, cewa sarki ba zai iya mulki ba sai da masu addu'a da masu yaƙi da masu aiki, kuma sai ya tanadar musu ƙasa da abinci da sutura. A cikin tarihin Orosius an cusa labarin wani ɗan Norway mai suna Ohthere, wanda ya zo fadar Alfred ya ba da labarin tafiyarsa ta jirgin ruwa zuwa can ƙurewar arewa, da haƙoran dabbar teku da ya kawo tsaraba. Sun ɗauki littafin a matsayin kayan aikin mutanensu. Masu cewa Hausa ba ta da kalmar kaza, su sani Ingilishi ma ba shi da kalmomin falsafar Boethius sai da aka zauna aka ƙera su. Kalma a bakin aiki ake samunta. Duk wanda ya taɓa zama gaban makirfo da takardar kasafin kuɗi a hannu, saura minti biyar a shiga labarai, ya san haka.

Na san abin da za a ce mini, don haka bari in tari numfashin masu ja.

Wani zai ce ai Alfred bai yar da Latinanci ba. Gaskiya ne, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idona. Tsarinsa shi ne yaro ya fara iya karanta Ingilishi sosai, sannan wanda za a ɗaga zuwa babban matsayi a koya masa Latinanci. Harshen gida ne tushe, na waje a ɗora a kai. Ni ma ban ce a kori Faransanci ko Ingilishi daga makaranta ba. Wa zai yi fassarar in ba wanda ya iya harsunan biyu ba? Abin da nake ƙi shi ne a sa yaro ɗan shekara 6 ya koyi lissafi da harshen da bai taɓa ji a gidansu ba, in ya kasa a ce daƙiƙi ne.

Wani mai karatu zai ce ai masana na shakkar ko Alfred ne ya yi fassarar da hannunsa. Haka ne, Farfesa Malcolm Godden na Oxford ya yi wannan ja a 2007, musamman kan littattafan Boethius da Augustine, wasu masanan kuma suka mayar masa da martani. A ce ma ya yi gaskiya. Me ya ragu daga hujjata? Babu. Ban taɓa neman shugaba ya zama mai fassara ba. Abin da ake nema wurinsa shi ne ya tara masu yi, ya biya su, ya sa sunansa da hatiminsa a kan aikin don a ɗauke shi da nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani zai ce tsarin na 'yan gata ne. Nan ma akwai gaskiya: wasiƙar 'ya'yan 'yantattu masu hali ta ambata, bayi ba sa ciki, kuma manufarsa a samu limamai da hakimai da za su riƙe masa ƙasa, domin ya yi imani sakaci da ilimi ne ya jawo musu masifar mahara. To in sarkin da ke kwafar littafi da hannu a kan fatar dabba ya kai nan, mu masu injin ɗab'i da rediyo da wayar salula a kowane aljihu, wane uzuri gare mu?

Ja mafi ƙarfi shi ne a ce ai abin bai ɗore ba. Alfred ya mutu a watan Oktoban 899. Shekara 100 bayansa, malami Aelfric yana rubuta huɗubobi da Ingilishi, har ya rubuta nahawun Latinanci da Ingilishi, alamar shukar ta kama. Amma a 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila, fada ta koma Faransanci, takardun mulki suka koma Latinanci, Ingilishi ya sake zama harshen talaka. Sai a 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da shi a kotu. Ko Isaac Newton da Latinanci ya fitar da babban littafinsa a 1687, fassarar Ingilishi sai 1729. Ku duba da kyau, wannan tarihin ni yake goya wa baya. Harshe ɗaya ne, mutane ɗaya ne. Ranar da mulki ya tsaya masa ya hau, ranar da mulki ya juya masa baya ya sauka. Babu wani sirri a cikin jinin Ingilishi.

Mu ma ba baƙin wannan hanya ba ne. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta iya Larabci, amma ta juya waƙar mahaifinta Shehu Usmanu ta Tabbat Haƙiƙa daga Fulfulde zuwa Hausa, ta kuma tsara jajis da 'yan taru suna kai karatu ƙauyuka da harshen da mata ke ji. Tunani ɗaya ne da na Alfred, ba tare da ɗaya ya san ɗaya ba: a zaɓi abin da ya wajaba, a juya shi, a ɗora wa wasu nauyin kai shi.

A watan Maris na 2025 kundin da Nijar ta kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi murna, kuma ban hana kowa murna ba. Amma da ma'aunin Alfred nake so a auna wannan mataki, da duk wani irinsa da za a ɗauka a Najeriya ko Gana ko Kamaru, kan Hausa ko Zabarmanci ko Fulfulde ko Kanuri. Ina jerin littattafan da suka fi zama wajibi kowa ya sani, littafin ungozoma da na dokar gona da na lissafin aji shida? Su wa aka ɗauka aikin fassara, nawa ake biyansu a wata? Kashi nawa na kasafin kuɗi aka rubuta da sunan aikin? Wace mota ce za ta kai littafin makarantar ƙauye, wa zai amsa tambaya in ya ɓace? Wane babban ma'aikaci ne zai rasa kujera in ya kasa?

Masu tinƙaho da Ingilishi su daina nuna mana girman bishiya kamar haka ta faɗo daga sama, akwai wanda ya shuka ta ya yi mata ban ruwa da dukiyarsa. Masu kirari kuma su rage kiɗa, su kawo lissafi. Duk taron raya harshe da za a gayyace ni nan gaba, tambaya ɗaya zan yi kafin in amsa: littafi nawa aka fassara tun taron bara, kuma a hannun wane yaro suke?